Dawar Kaka da Kwaɗon Ɗakin Baba

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan manta daminar da babana ya yi yana kwance a mutuware, ɗakin ajiye gawa, ba. Shekaru sun ja, 'ya'yana har sun fara fina tsawo, amma duk ranar da ruwan farko ya sauka a Samaru, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, sai abin ya dawo mini sabo. An sha ce mini in yi haƙuri, zai wuce. Haƙurin dai na yi, amma bai wuce ba.

Babana mutumin kudancin Kaduna ne. Ya shigo Zariya yana saurayi, ya yi aikin kamfani a Chikaji har ƙarfinsa ya ƙare, ya ci gaba da zama a ɗakinsa na haya, ciki da falo, a Sabon Gari. Mama ta riga shi tafiya da daɗewa. Cikin 'ya'yan da suka haifa ni kaɗai na rayu, kuma ga ni mace, abin da dangin Baba ba su taɓa yafe mini ba. Ina koyarwa a wata firamare a Samaru, can nake zaune da mijina, duk ranar Lahadi in an tashi sujada sai in hau mota in je in duba tsoho.

Baba ba shi da abin duniya. Keke, rediyo, gado, kujeru biyu da suka gaji da rayuwa, sai takalmin zuwa coci da yake gogewa kamar zai ci abinci a kai. Abin da yake ji da shi ɗaya ne, wani ƙaramin tulu a ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai irin wata dawa da ya taho da ita daga wurin tsohuwarsa, muna ce mata dawar Kaka. Ja ce wur, ƙanana-ƙananan ƙwayoyi, ba kaura ba ce kuma ba irin ta kasuwa ba ce. In aka yi kunun zaƙi da ita, ja yake fitowa, da wani ƙamshi kamar an ɗiga zuma, ko sukari ba ya nema sosai. Mutanen garinmu sun daɗe da watsar da ita, kowa ya koma noman citta da masara, domin ba ta cika buhu. Baba kaɗai ya riƙe ta. Wani Malami abokinsa a Zabi yana ba shi aron 'yar gona, duk shekara ya shuka, ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya sussuke, ya cakuɗa da toka, ya zuba a tulun ya liƙe bakin da laka. Sauran mu sha kunu mu ci tuwo har ta ƙare.

Bayan Ista na shekarar nan ciwo ya kwantar da shi. Ranar da za mu tafi asibiti na ce masa bari in ɗauki tulun in ajiye a wurina. Ya harare ni ya ce, "Ki kai shi ina? Ɓerayen ɗakinki sun fi ki ƙiba. Bar mini abina, ni zan shuka da hannuna." Haka yake, har ya mutu bai yarda ya tsufa ba. Sai da jiki ya yi tsanani ne ya kama hannuna a gadon asibiti ya ce, "In ban tashi ba, da ruwa ya zauna ki kai wa Malam, ku shuka. Kada ta mutu a hannunmu." Ya ɗan huta ya ƙara da cewa, "Ni kuma kada ku bar ni a ƙanƙara kamar kifi. Ku sa ni a ƙasa ku koma aikinku." Na ce masa ya daina irin wannan magana, ya yi murmushi. Bai kai ƙarshen satin ba.

Washegarin rasuwar ƙanensa ya iso daga Kaduna, wanda nake ce wa Baba Ƙarami. Mutumin da bai taka asibitin ba ko sau ɗaya, sai ga shi da jaka da kuka mai ƙara. Kafin ya gama share hawaye ya aika an sayo kwaɗo sabo fil, ya garƙame uwar ɗakin Baba, ya jefa makullin a aljihu, shi kuma ya shimfiɗa katifa a falo. Ya ce, "Al'adarmu ce, 'yata. Ba a taɓa kayan mamaci sai an sa shi a ƙasa." Ban damu ba a lokacin. Na ɗauka maganar sati ɗaya ce ko biyu.

Ashe ban san komai ba. Aka kafa kwamitin biso, wato jana'iza, aka buɗe guruf a waya, aka sa ni a ciki don in riƙa karantawa, ba don in yi magana ba. Na faɗa musu abin da Baba ya ce game da ƙanƙara. Baba Ƙarami ya ce zafin ciwo ne ya sa shi faɗa, kuma yayansa ba kaza ba ne da za a tona rami a jefa. Sai an kai shi gida, can garinmu. Gidan kuwa sai an yi masa fenti, an gyara rufi, domin baƙi za su zo. Sai an zaɓi anko, aka yi sati uku ana faɗa a kan launi. Da aka gama wannan, sai aka ce wani babban mutum ɗan garinmu ya yi tafiya, kuma ba zai yi kyau a yi biso ba ya nan. Mutumin nan na tabbata ko a hanya ya haɗu da babana ba zai gane shi ba.

Muna cikin haka ruwa ya sauka. Ya sake sauka, ya zauna. Duk hanyar Samaru zuwa Sabon Gari in na leƙa ta tagar mota sai in ga mutane sun duƙufa a gona, ni kuma irina yana kulle a ɗaki. Na je na sami Baba Ƙarami, na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mini, na ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙo. Akwai tulu a ƙarƙashin gado, iri ne a ciki. Ka buɗe da hannunka ka miƙo mini, ba sai na shiga ba."

Ya dube ni ya ce, "Ubanki na kwance a mutuware, ke kina maganar shuka?"

Na ce shi ne ya bar mini wannan saƙo. Sai na ga idonsa ya ƙanƙance. Ya ce, "Tulu? Me ke cikin tulun da kike rawar jiki haka?" Na ce dawa ce da toka. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "To, dawa ba ta gudu. Ta jira."

Na koma sau da yawa, har na daina durƙusawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, al'adar nan ni kaɗai ta sani. Wata Lahadi na tarar keken Baba ba ya tsakar gida, aka ce an kai ajiya. Rediyon da ke cikin uwar ɗaki, ɗakin da aka ce ba a buɗewa, sai ga shi a falo yana ba Baba Ƙarami labarin duniya. Ranar da na gan shi zai tafi taron kwamiti da takalmin cocin babana a ƙafarsa, har ya take bayan saboda ya yi masa kaɗan, sai na tare shi. Na ce, "Baba, ashe an fara rabo?" Ya ce shi ɗan'uwansa ne ciki ɗaya, in iya bakina.

Na yi niyyar in zo da guduma in fasa kwaɗon. Mijina ya hana ni. Ya ce in na fasa za su ce na kwashe wani abu, daga nan su ce da hannuna a mutuwar, ƙarshe su hana ni tsayawa a bakin kabarin ubana. Ya san mutanenmu, ba ƙarya ya yi ba. Na je wurin fasto, ya karanta mini aya a kan haƙuri ya yi mini addu'a. Na fito da ayar, makulli kuma yana aljihun da yake.

Malam na Zabi ya yi huɗa ya bar kunyoyin Baba ba shuka, yana cire musu ciyawa yana jira. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Malama, har yanzu ba a rufe shi ba?" Na ce ba a rufe ba. Su da suke kai nasu makwanci kafin rana ta faɗi, na san abin da ke ransa, amma bai faɗa ba. Ya ce kawai, "Allah ya ba shi haƙurin jiran ku." Na ce ya shuka wake a wurin kada gonar ta tashi a banza. Na lallashi kaina da cewa bana ta wuce, amma in dai bakin tulun na liƙe, irin zai kai baɗi.

Sau ɗaya na je mutuware a tsakiyar wannan jira, kuma ban sake ba. Ba zan faɗi asibitin ba. An ɗauke wuta, wari ya tare ni tun daga baranda, warin magani da wani abin da ba magani ba. Ma'aikacin wurin ya janyo Baba ya buɗe fuska. Babana mai hasken fata ne, amma wanda na gani ya yi baƙi ƙirin, ya bushe, leɓe ya ja baya. An ɗaura masa 'yar takarda a yatsan ƙafa. Na tsaya ina cewa a raina, Baba ka yafe mini, ga ka a inda ka ce kada a bar ka. A daidai wannan lokacin wayata tana ta ƙara a jaka, 'yan kwamiti suna gardama a kan hoton da za a sa a fosta.

Sai cikin marka aka tsayar da rana. Ranar jajiberi aka yi hidimar waƙoƙi da yamma a ƙofar gidan a Sabon Gari, washegari a ɗauki gawa a wuce gida. An tare layi da rumfuna, an jera kujeru, kowa ya sha anko, matan zumunta suna buga tukwanensu suna waƙa. Mutanen da ban taɓa gani ba suna tashi suna ba da shaidar kirkin babana. Babban mutumin nan ya iso, aka ba shi kujera mai hannu a gaba. Ni ina gefe, tun safe ban sa komai a bakina ba.

Sai Gwaggo, ƙanwar su Baba, wadda ke kula da girki, ta zo ta miƙo mini kofi. Ta ce, "Ungo ɗiyata, sha ki ji sanyi. Wannan na manyan baƙi ne, na ɗebo miki a ɓoye." Na karɓa ban duba ba, na kai baki. Kurɓa ɗaya na yi. Ƙamshin ya hau mini kai kafin in haɗiye, na sauke kofin na duba, kunun ja wur.

Ban san lokacin da na isa bayan gida ba. Ga tulun can a yashe kusa da kwata, baki a fashe, ciki wayam. Tokar da aka wanke ta yi layi a ƙasa ta bi ruwa. Dusar da aka tace ma an zuba wa awakin maƙwabta sun lashe. Na durƙusa ina laluben ƙasa da hannu ko zan sami ƙwaya ɗaya da ta tsira, babu. An jiƙa ta tun jiya, an kai inji an markaɗe.

Gwaggo ta biyo ni tana tambayar lafiya. Na ce, "Gwaggo, wa ya ba ki dawar nan?" Ta ce, "Ƙanen babanki mana. Tun farkon damina ya fasa tulun, ya ce yana neman abin da kike ɓoyewa, ya tarar dawa ce kawai. Da na gan ta na gane ta, ai ta tsohuwarmu ce, da ita aka yaye ni. Na ce wannan sai manyan baƙi." Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta ta yi abin kirki. Na ce mata iri ne, shi ke nan wanda ya rage. Ta ce, "Haba, ai ba za a rasa a gida ba."

Wato nacina ne ya sa ya fasa. Ya buɗe, ya ga gaskiya na faɗa, ya ga dawa ce da toka, kuma a lokacin ƙasa na da sauran damar shuka. Bai kira ni ba. Ya tura tulun gefe ya mayar da kwaɗonsa, ya ci gaba da ce mini al'ada.

Na fito da kofin a hannuna. Baba Ƙarami yana tsaye da makirfo yana gode wa babban baƙo, takalmin babana a ƙafarsa. Na ratsa kujeru na je gabansa na juye kunun a kan takalmin, duka. Waƙa ta tsaya. Na ce, "Baba, ga sauran, haɗa da shi. Ka ci kekensa, ka ci rediyonsa, ka sa takalminsa tun bai shiga ƙasa ba. Abu ɗaya ya bar mini, ka ba baƙi sun sha. Wata nawa yana ƙanƙara yana jiran fentinku?" Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Mata suka riƙe ni, ana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta. Babban baƙon ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye a ƙarƙashin kujera a hankali.

Washegari aka buɗe akwati a gida don bankwana. An sa wa babana kwat da ɗamarar wuya, shi da bai taɓa sa su ba, an shafe fuskar da hoda har ta yi toka-toka, an sa masa farar safar hannu. Na duba na duba ban ga ubana ba. Sai na miƙa hannu na zare safar hagu. Ga tabon lauje nan a gindin babban yatsa, wanda nake shafawa ina ƙarama. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar. Aka sa shi a kabarin da aka yi wa tayil, aka ci shinkafa, aka watse.

Kafin in bar garin na bi gida gida ina tambayar tsofaffi mata dawar Kaka. Duk wadda na tambaya sai ta ce, "Ayya, ja ɗin nan mai ƙamshi? Rabona da ita tun ina amarya." Wata ta ce ai babanki ne muke jin yana da ita a Zariya, mun yi niyyar mu roƙe shi.

Da aka zo rabon kaya, ba a sha wahala ba, tunda yawanci sun riga sun raba kansu. Gado da kujeru aka ba maza. Ni aka turo mini ƙullin tsummokara, tsohuwar malafa da wandon da yake zuwa gona da shi, aka ce mace ba ta gadon uba amma a ba ta abin tunawa. Na kawo Samaru na ajiye. Ranar da na zo wanke wandon na sa hannu a aljihu, sai na ji ƙwayoyi a lungun ɗinki. Dawa ce, 'yan ƙwayoyi da ba su cika cokali ba, sun yi datti sun dafe har ba a gane launinsu. Ban wanke su ba don kada su jiƙe, na zuba su a kwalba da toka, na hana kowa taɓawa har damina ta zagayo.

Ni da Malam muka shuka su a kunya ɗaya a Zabi. Kaɗan suka tsiro. Na yi musu shinge da ƙaya, ina tashi daga makaranta in hau mota in je in duba su kamar masu jinya. Suka yi tsawo, suka yi ciki, suka fitar da kai. Da ƙwaya ta fara nuna na ga Malam yana juya zangarniyar a hannu ba ya son ya dube ni. Can ya ce, "Malama, wannan farafara ce." Farar dawar kasuwa ce, irin wadda Baba ke sa wa a aljihu yana watsa wa tattabarun Malam in ya zo gona. Na zauna a kan kunyar na yi ta dariya har ta koma kuka, Malam ya tafi can gefe ya ba ni wuri.

Baba Ƙarami yana nan da ransa. Duk taron dangi sai ya ba da labarin bison da ya yi wa yayansa, wai ba a taɓa irinsa a garinmu ba. Ina gaishe shi, domin an ce in gaishe shi. Fushina da shi yana nan, da kwamitinsu, da al'adar da ke kulle ƙofa wa 'ya ta buɗe wa ƙane. Wani lokaci har Baban nake jin haushi, da ya tsaya yi mini ba'ar ɓeraye maimakon ya ce ɗauki.

Abin da na koya shi ne, ranar da numfashinka ya tsaya, jikinka da kayanka sun koma hannun wanda ya fi kowa ƙarfin murya, kuma abin da ka faɗa a gadon asibiti za a ce zafin ciwo ne. Don haka duk abin da kake so ya kai ga wani, ka damƙa masa da hannunka tun kana iya miƙa hannun. Ni na riga na fara. Keken ɗinkina yana ɗakin 'yata, malafar Baba tana wurin ɗana, kuma na tara su gaban ubansu da fasto na ce kada in kwana biyu a ƙanƙara. Amma abin da ke dawo mini in ruwan farko ya sauka ba kwaɗon ba ne, ba kuma takalmin ba. Kofin nan ne. Dawar Kaka ta ƙarshe a duniya tana hannuna, cike da kofi, kurɓa ɗaya na yi na zubar wa mutumin nan a ƙafa. Da ma na shanye abina tukuna, sannan in yi masa rashin kunyar.